Yadda zaka yi wa ɗakin kwananka fenti da hannunka ya fito sumul

Yawancin mutane in sun shiga ɗaki suka ga bango sumul, babu ƙurji babu layi, tambayar da suke fara yi ita ce wane fenti aka sa. To maganar gaskiya fenti shi ne na ƙarshe a lissafin. In ya bushe a jikin bango kaurinsa ko na takardar rubutu bai kai ba, don haka duk abin da ke ƙarƙashinsa sai ya nuna, in ma mai sheƙi ne to ƙara tona asirin bangon yake yi. Ka sayi bokitin Dulux ko Berger mafi tsada ka shafa a kan filastar da magini ya bari da yashi a fuska, abin da zaka samu bango ne mai kaushi mai kala mai kyau, shi ke nan. Santsin da kake nema yana cikin sikiridin, wato siririn shafen da ake yi a kan filasta don ta yi laushi kafin fenti, da kuma sanfefa, kuma aiki ne da mutum zai iya da kansa in dai zai ba shi kwanakin da yake buƙata, ɗaki ɗaya ka ware masa sati guda kada ka ce a asabar da lahadi zaka gama.

Fara da binciken bangon

Kafin ka kashe ko kwabo, ka tsaya ka san irin bangon da kake da shi. In sabon gini ne, siminti yana son kamar kwana 28 kafin ya gama kama jikinsa, kuma ruwan da ke cikin bulo da filasta yana iya wuce haka bai gama fita ba musamman in da damina aka yi yaɓen. Mutane suna gaggawa saboda biki ya matso ko haya ta ƙare, a shafa fenti a kan ɗanyar filasta, wata biyu sai ka ga yana kumbura yana ɓarewa. Gwajin mai sauƙi ne, ka yanko leda kamar faɗin tafin hannu huɗu ka manna ta a bango da salatif ta kowane gefe yadda iska ba zata shiga ba, ka yi haka a ƙasa kusa da daɓe da kuma bangon da ya haɗa da banɗaki, ka bar ta kwana ɗaya ko biyu. In ka cire ka ga gumi a cikin ledar ko wurin ya yi duhu, bangon nan bai shirya ba.

In kuma tsohon ɗaki ne ka duba ƙasan bangon, wajen da fenti ke yin burtsatse farin gari mai kama da gishiri yana fitowa. Wannan danshi ne ke hawowa daga ƙasa ko famfo ke yoyo a cikin bango, kuma dan Allah kada ka yarda wani ya ce maka sikiridin zai rufe shi. Ba zai rufe ba. Fiyopi, wato farin garin POP da ake haɗa sikiridin da shi, ba ya shiri da ruwa ko kaɗan, zai jiƙe ya saki ya zubo da fentin gaba ɗaya. A gyara yoyon, a gyara magudanar da ke bayan ɗakin, a bar wurin ya bushe, sannan a dawo maganar kwalliya.

Sai ka shafa tafin hannunka a tsohon fentin. In hannun ya fito fari fat to fentin ya mutu ko kuma farar ƙasa ce aka taɓa shafawa, dole a kankare ta a wanke, domin duk abin da ka ɗora a kanta a kan gari ka ɗora. In fenti mai mai ne, irin mai ƙyallin nan da ake sa wa rabin bango, sai an goge shi da sanfefa mai kaushi lamba 80 har ƙyallin ya mutu kafin wani abu ya kama shi. A nan ka kula sosai, tsohon fenti mai mai yana iya ƙunsar dalma, ƙurarsa guba ce musamman ga yara da mai ciki, don haka ka jiƙa wurin ka goge shi a jiƙe, kuma kada yaro ya shigo ɗakin har a wanke shi tas. Daga nan ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa da gindin sukundireba, inda ka ji sauti fanko filastar ta rabu da bulo, a fasa wurin a sake yaɓewa. Tsaga kuma kada ka shafe ta a yadda take, ka ɗan buɗe bakinta da tsinin abin kankara, ka share ƙurar, ka ɗan jiƙa, sannan ka cike. Amma tsagar da ta ratsa bulo har waje ko kake ganin tana ƙara faɗi, wannan maganar magini ce.

Kayan aiki

Ba su da yawa, kuma duk shagon kayan gini zaka samu, in a Kano kake Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari sun ishe ka. Cokalin shafe na ƙarfe mai faɗi wanda bakinsa ke miƙe babu lanƙwasa babu tsatsa, ƙaramin abin kankara guda biyu, sanfefa lamba 80 da 120 da 180 ko 220, guntun katako mai lebur da zaka naɗe sanfefar a kai, rola da sandarta da tirenta, buroshi inci 2 mai kyau, salatif ɗin takarda, leda babba ta shimfiɗa, bokitai biyu masu tsabta, tsani, takunkumin ƙura na gaske, da tocila mai haske sosai. Tocilar nan kada ka raina ta, zan dawo kanta.

Ka fitar da duk abin da zai fita daga ɗakin, gado da katifa da labule, wanda ba zai fita ba kamar wadirob a jawo shi tsakiya a lulluɓe. Ka kashe wuta daga babban makunni ka kwance murafen soket da na makunnai, ka rufe bakinsu da salatif. Masu fenti da yawa zagaye su kawai suke yi, shi ya sa kake ganin tudu a gefen kowace soket. Tayil kuma a rufe shi tun yanzu, domin sikiridin in ya bushe a layin tayil fitar da shi wahala ce.

Sikiridin, inda aikin yake

Hanya biyu ce. Akwai garin da ake sayarwa a buhu an riga an haɗa, ruwa kawai zaka zuba kamar yadda aka rubuta a jiki, kuma ga wanda bai taɓa yi ba ni shi nake ba da shawara saboda ba ya saurin daskarewa kuma yana goguwa da sauƙi. Akwai kuma haɗin da masu aiki suka saba yi, fiyopi ko farin siminti da gam irin su Top Bond da ɗan fentin ruwa mai araha. Kowane mai sikiridin da nasa awon, kuma fiyopin ma kala-kala ne, don haka in wannan zaka yi ka kwaɓa kaɗan ka gwada a bayan ƙofa ka bar shi ya kwana. In ka murza da yatsa yana zuba kamar gari to gam ya yi kaɗan, in kuma sanfefa ta kasa cin sa to gam ya yi yawa, kuma wallahi gara ka gano haka a faɗin tafin hannu da ka gano shi bayan ka gama bango huɗu.

Ruwa ake fara zubawa a bokiti, sai gam a dama, sannan a riƙa barbaɗa garin ana juyawa har ya yi luƙwi babu gudaji. Kaurin da kake so kamar na man gyaɗa, in ka ɗebo a cokali ka karkata shi ya tsaya bai zubo ba amma yana shafuwa ba tare da ka sa ƙarfi ba. Fiyopi zalla cikin minti 10 zuwa 20 ya fara kamawa, gam yana ɗan ja masa lokaci amma ba sosai ba, saboda haka kada ka kwaɓa fiye da abin da zaka shafe a kwata ɗin awa. In ya fara tauri a bokiti zubar da shi, kada ka ƙara ruwa ka ce zaka farfaɗo da shi, wanda aka yi wa haka ba ya ƙarfi. Kuma ka wanke bokitin da cokalin tas kafin sabon kwaɓi, saboda ragowar tsohon yana sa sabon ya daskare da wuri, ga ƙananan tsakuwoyinsa su ne ke jan dogon layi a bango kana cikin shafawa.

Kafin shafin farko ka bi filastar da dutse mai lebur ko sanfefa 80 ka kakkaɓe yashin da ya fito fuska, ka share. Sai ka ɗora doguwar sandar alminiyam miƙaƙƙiya irin ta magina a bangon, a tsaye da a kwance, ka leƙa ta ƙarƙashinta. Inda ka ga rami mai zurfi ka zagaye da fensir ka fara cike shi shi kaɗai, sau biyu ko uku in ya kama, kowanne ya bushe kafin na gaba. In ka cusa da kauri lokaci ɗaya tsagewa zai yi.

Yanzu shafin kansa. Ka ɗebi kwaɓin da ƙaramin abin kankara ka ɗora a bakin babban cokalin, ka kafa shi a bango a ɗan kwance, ka ja daga ƙasa zuwa sama da nauyin hannu iri ɗaya. Sai ka goge bakin cokalin, ka ɗan ƙara miƙar da shi, ka sake bi ta kan wurin kana kwashe abin da ya yi yawa. Kauri milimita 1 zuwa 2 ya isa, a shafin farko ma in kana hango duhun siminti ta ƙasa babu komai. Babban abin da ke ɓata wa sabon hannu aiki shi ne komawa kan wurin da ya fara shan iska don ya gyara ɗan layi, sai wurin ya yage ya yi caɓa-caɓa. Ka bar layin. In ya bushe bakin abin kankara zai ɗauke shi a ja ɗaya. Ka fara da bangon da gado ko wadirob zai rufe, kafin ka zo wanda ke kallon ƙofa hannunka ya faɗa.

Ka bar shi ya bushe har ya zama fari gaba ɗaya babu tabon duhu, yawanci kwana guda. Ka kankare tudun layukan, ka share, ka yi shafi na biyu amma wannan karon ta kwance, daga hagu zuwa dama, domin ya cike ramukan da jan tsaye ya bari. In filastar mai kaushi ce sosai sai an yi na uku, siriri ƙwarai, kusan duk abin da ka shafa kana kwashe shi. A kusurwa kada ka yi ɓangarori biyu lokaci ɗaya, yi ɗaya ya bushe sannan ɗayan, in ba haka ba cokalin zai riƙa tone wanda ka gama.

Sanfefa da tocila

Ka jira yamma ko ka rufe tagogi ɗakin ya yi duhu, ka kunna tocila ka manna ta a jikin bango yadda hasken zai bi fuskar bangon a kwance. Bangon da da rana ka rantse ya yi sumul zaka ga kowane rami da tudu da sawun cokali sun fito da inuwarsu, har ƙananan hudojin da kumfa ta bari. Abin da tocilar ta nuna maka shi ne abin da hasken taga zai nuna da safe bayan ka gama fenti, lokacin da gyara ya zama sabon aiki. Ka zagaye kowanne da fensir, kada ka sa biro ko maka domin tawadarsu tana hudo fenti ta fito.

Ka naɗe sanfefa 120 a jikin katakon ka riƙa gogawa a zagaye a hankali, ba da ƙarfi ba. Kada ka goga da yatsu zalla, yatsu suna bin rami su ƙara masa zurfi, katako kuwa tudu kawai yake ci. Tudu a goge, rami a cike, kada ka ce zaka goge kewayen rami har ya daidaita, zaka cinye sikiridin ɗin ka isa siminti. Wuraren da ka cike su bushe, ka goge, ka sake haskawa. Zagaye biyu ko uku ake yi a nan kuma shi ne wurin da mutane ke gajiya su ce ai ya isa haka. Bai isa ba sai tocila ta daina nuna maka komai. Sannan ka bi duka bangon da 180 ko 220 don ta share sawun da ta farkon ta bari, ka rufe ido ka bi da tafin hannu, abin da ido ya tsallake hannu zai ji shi. Takunkumi a fuska duk tsawon wannan aikin, ƙurar tana da laushi kuma tana shiga ƙirji.

Ƙurar nan ita ce abokiyar gaba ta biyu bayan danshi. Ka share bango daga sama zuwa ƙasa da tsintsiya mai laushi, ka bar ta lafa kamar awa ɗaya, ka share ƙasa ka goge da ruwa, ka goge fukafukan fanka da saman ƙofa da bakin taga, sannan ka bi bangon da tsumma mai ɗan laima wanda aka matse sosai. Mai ɗan laima na ce, in ya jiƙe zai narkar da fuskar sikiridin ɗin.

Fentin kansa

Sabon sikiridin yana shan ruwa sosai, in ka ɗora fenti mai kauri kai tsaye zai tsotse ruwan nan take fentin ya zauna a sama bai kama ba, wata rana ka manna salatif ka cire ya biyo shi. Saboda haka shafin farko firama ce, wato fentin da ake fara shafawa a ƙasa don na sama ya kama, ko kuma fentin ruwa marar sheƙi da aka tsinka, ruwa kashi 1 fenti kashi 4. In ya bushe ka sake haskawa da tocila, a nan ne sauran ƙananan aibobi ke bayyana, ka cike ka goge ka taɓa wurin da firama, sannan ka bi duka bangon da 220 sama-sama ka goge ƙurar.

A ɗakin kwana ni marar sheƙi na fi so, yana ɓoye ɗan abin da ya rage kuma ba ya dukan ido in an kunna fitila. Mai sheƙin siliki ya fi wankuwa, in da yara masu rubutu a bango yana da amfani, amma ka sani ba ya yafe kuskure ko ɗaya. Lissafin yawa kuma, ɗaki ƙafa 12 da 12 mai tsayin ƙafa 10 in ka cire ƙofa da taga bangonsa kusan murabba'in mita 40 ne, fenti mai kyau lita ɗaya tana rufe wajen mita 10 a shafi ɗaya, kenan galan mai lita 4 kowane shafi, galan biyu na shafi biyu, ban da firama da silin. Mai araha ba ya kai haka. In galan biyu ka saya ka juye su a bokiti ɗaya ka gauraya, domin kala takan ɗan bambanta daga gwangwani zuwa gwangwani. Ka juya shi sosai har ƙasa, sannan ka tace shi da yankin tsohon gidan sauro ko siririn ƙyalle, zaka yi mamakin gudajin da zai tsaya. Ruwan da zaka ƙara kada ya wuce abin da aka rubuta a jikin bokitin. Masu tsinka fenti ya zama tsululu don ya auka su ne ke sa a yi shafi huɗu bai rufe ba.

Rola ita ce ke yanke hukunci a ƙarshe. Mai dogon gashi ta bango mai kaushi ce, a kan sikiridin ƙuraje take bari. Ka nemi mai gajeren gashi, milimita 5 zuwa 10, ka guji ta soso saboda kumfa. Sabuwa ce, ka naɗe ta da salatif ka ware don gashin da ke zuba ya fita, ka jiƙa ta ka matse. Silin ake fara yi in za a yi masa. Sai ka ɗauki bango ɗaya, ka bi gefensa da buroshi faɗin yatsu uku, sama da ƙasa da kusurwa da kewayen soket, kuma tun bai bushe ba ka hau da rola ka matsa kusa da gefen iya yadda zaka iya don ta shafe sawun buroshin. Kada ka zagaye ɗakin duka da buroshi sannan ka dawo, zai bar maka firam a kowane bango.

Ka tsoma rolar a tire ka murza ta a wurin gargadar har ta ɗauka ko'ina daidai ba ta ɗiga. Ka fara daga tsakiyar tsayin bangon ka baza sama da ƙasa a faɗin rola biyu ko uku, sannan ba tare da ka ƙara fenti ba ka ɗora ta can sama ka sauko da ita har ƙasa a ja ɗaya, da nauyinta kawai, ka ɗaga ka koma sama, kowane ja ya hau rabin na baya. Wannan jan na ƙarshe duk ɗakin ta fuska ɗaya za a yi shi, sama zuwa ƙasa. Kada ka danna, in ka ji kana dannawa to fentin ya ƙare ne a rolar, dannawa kuma ita ke fitar da layi biyu a gefenta. In ka fara bango kada ka tsaya sai kusurwa, ko waya ce ta yi ƙara ta jira, domin inda busasshe ya haɗu da ɗanye tabo ne da zai zauna. Wurin da ya yi minti biyar kada ka koma masa ko ka ga ya yi shara-shara, shafi na biyu zai rufe.

Yanayi ma yana da nasa. Da hunturu iska a bushe take ga ƙura, fenti yana bushewa kafin ya kwanta, don haka ka rufe tagar da iska ke bugowa, ka kashe fanka, ka yayyafa ruwa a tsakar gida, in ka gama bango ya sha iska sannan ka buɗe. Da bazara, watan Maris zuwa Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, ka yi aikin da sassafe bayan asuba kafin bango ya ɗau zafi. Da damina kuma bushewa ke jinkiri, awa 4 da aka saba bari tsakanin shafi da shafi ka mai da ita kwana.

Tsakanin shafi na farko da na biyu ka sake bi da 220 a hankali, shafa kawai don ta ɗauke ƙura da gashin da suka maƙale, ka goge da tsumma. Rolar ka naɗe ta a leda kada ta bushe. Shafi na biyu kamar na farko, siriri, ta fuska ɗaya. Salatif ɗin gefe ka cire shi tun fentin bai gama ƙamewa ba, kana ja a hankali a karkace, in kuma ya riga ya bushe ka bi bakinsa da reza tukuna. Ka bar tagogi a buɗe kwana biyu kafin a kwana a ɗakin, kayan ɗaki kada su jingina da bango a satin farko, wanki da soso kuma sai bayan sati uku zuwa huɗu lokacin da fentin ya gama ƙarfi. Ragowar ka zuba a ƙaramin gwangwani ka rufe gam ka rubuta sunan kalar da lambarta a jiki, saboda ranar da kan gado zai daki bango.